Gambo Mai Canji a Cikin Kwamfuta

A Garwa, bayan rumfunan masu banda,
inda hayaƙi ke shiga riga ya ƙi fita,
na gaji tsohuwar kwamfutar Yaya Hurera
mai tsagar nan a gefen gilashi,
na ce sai na koya mata lissafin Baba.

Baba Sa'adu daga Lagdo yake saro kifi,
tarwaɗa, karfasa,
giwan ruwa in an tashi da sa'a.
Rabin lissafinsa a ka,
rabi a littafin da maiƙo ya cinye.

Malam Jibrilla ya ce, fara da abu.
Na ce wane abu?
Ya ce kwando mana, ba shi kake ɗauka kullum ba?
Ba shi suna, ba shi nauyi, ba shi mai shi,
sannan ka koya masa aikin da ya shafe shi.

Na rubuta kwando, na sa ɗigo, na ce auna.
Ya auna kansa.
Ban gaya masa wane kwando ba,
ai ɗigon ya riga ya nuna shi da yatsa.
Na ce rage, na saka biyar tsakanin baka biyu,
kifi biyar suka fita daga cikinsa,
na maƙwabcinsa bai ko motsa ba.
Aikin da ke bayan ɗigo ɗan gida ne,
ya san inda aka ajiye mabuɗi,
ya san abin da ya saura a tukunya.

To, sai ga Tanimu na Mubi da nairarsa,
mu kuma da sefa muke ci.
Na cusa wa kwando lissafin canji,
na cusa wa bashi, na cusa wa kuɗin mota,
wuri bakwai, magana ɗaya,
ina ta jin kaina kamar na haƙa rijiya.

Ran Laraba naira ta zame.
Na bi na gyara shida,
wuta ta ɗauke, aka kira magariba,
na bakwai ya kwana da tsohon farashi.
Washegari Baba ya yi asarar jaka huɗu.
Bai yi faɗa ba.
Ya dai jawo littafinsa mai maiƙo,
ya lashi yatsa, ya buɗe.
Da duka ya yi min, da ya fi sauƙi.

Malam Jibrilla bai taɓa allon ba,
ya ja ni ƙarƙashin dalbejiyar tasha,
ya ce dubi Gambo.
Rumfar wa ya mallaka? Babu.
Ya san kifinka? Bai sani ba, bai tambaya ba.
Ka miƙa kuɗi, ka faɗi farashi,
ya miƙo amsa, ya manta da fuskarka.
Mai albasa wurinsa, mai shanu wurinsa,
in farashi ya juya, bakinsa kaɗai zai juya.

A daren na zare canji daga cikin kwando,
kamar ƙaya daga tsoka,
na ajiye shi gefe, layi uku kacal,
ba ɗigo a gabansa, ba ubangida.
Na sa masa suna gambo, don tsokana.
Yanzu kwando in ya so naira aike yake yi,
bashi ma haka, kuɗin mota ma haka.

Jiya Baba ya leƙo ta kafaɗata,
ya ce, wannan ƙaramin shi ke nan aikinsa?
Na ce shi ke nan.
Ya ce, nawa yake karɓa?
Na ce ko dala.
Ya yi shiru, ya ce, to kar Gambon tasha ya ji.
Littafin dai har yanzu yana aljihunsa.